Tayi ta Intanet: Arahar da Ba Ta Zuwa Kafanchan a Disamba

Manomin citta a Kachia ko Kwoi, in ya kai kaya kasuwa ya tarar farashi ya karye, yana iya ɗaure bakin buhunansa ya mayar gida. Busasshiyar citta ba ta gaggawa, ko wata uku ne za ta jira shi. Mai otal ba shi da wannan gatan. Ɗakin da ya kwana babu baƙo a daren Talata ya tafi ke nan, ba a adana shi a sayar ranar Asabar. Haka kujerar jirgin sama take: da zarar an rufe ƙofa, wadda ba kowa a kanta ta zama asara, alhali man da za a ƙona da albashin matuƙi ba su ragu da ko sisi ba. Motar haya da ta wuni a ajiye ita ma haka. A kan wannan rauni na mai sayarwa aka gina duk wata dabara ta yin tayi ta intanet, kuma wanda bai gane haka ba zai yi ta haƙilon neman araha a inda babu ita.

Sai dai mai otal yana da damuwa ta biyu. In ya kafa allo a bakin ƙofa cewa ya zabge rabin kuɗi, har ɗan kwangilar da ya zo da niyyar biya cikakke zai ce shi ma a rage masa, gobe kuma kowa ya riƙa jiran ragi kafin ya kama ɗaki. Abin da yake bukata shi ne ƙofar baya, wadda zai riƙa sallama ragowar ɗakunansa ga masu ƙaramin ƙarfi ba tare da manyan abokan cinikinsa sun ji labari ba.

Wani Ba'amurke mai suna Jay Walker ne ya gina wannan ƙofa. Ya kafa kamfanin Priceline a 1997, ya fara sayar da tikitin jirgin sama a watan Afrilun 1998, daga baya ya ƙara ɗakunan otal da motocin haya. Tsarin a lokacin shi ne mai saye ya faɗi abin da zai iya biya. In otal kake so, za ka zaɓi unguwa a cikin birnin, da matsayin otal ɗin, da ranakun, ka rubuta tayinka, ka ba da lambar katinka na banki. In wani otal ya sallama, nan take a cire kuɗin, sai a lokacin za a gaya maka sunansa. Babu fasawa, babu mayar da kuɗi. In jirgi ne, ba ka san kamfanin ba, ba ka san lokacin tashi ba, ka dai amince da kowane lokaci tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare, kuma mai yiwuwa sai an yada zango a wani birni. Wannan duhun shi ne ainihin hajar. Ɗan kasuwar da ke da taro ƙarfe goma na safe ba zai yarda da shi ba, saboda haka zai ci gaba da biyan farashin fili. Ɗalibi ko mai yawon buɗe ido kuwa zai yarda. Ta haka aka raba masu saye gida biyu ba tare da an tambayi kowa nauyin aljihunsa ba.

Mutane da yawa sun ɗauka gwanjo ne, wai otal-otal suna can suna rububin tayinsu. Ba haka abin yake ba. Tun farko otal-otal sun riga sun ba kamfanin farashin sirri, na'ura ce kawai take duba ko tayinka ya kai. In ya wuce, rarar ta zama ta kamfani. Wanda ya taya dala 80 a ɗakin da za a iya sallama masa a 60 zai tafi yana murna, bai san ya yi kyautar 20 ba. Don kada mutum ya fara daga ƙasa yana ƙara dala ɗaiɗai har ya gano iyakar, sai aka sa doka: in an ƙi tayinka, ko dai ka jira, ko ka canza wani abu a cikin buƙatarka. Gogaggu kuma suka gano lagon dokar. Mai neman babban otal sai ya ƙara wata unguwa da ya san babu babban otal a cikinta, ya samu damar sake tayi nan take ba tare da ya canza komai a zahiri ba. Waɗanda suka ci moriyar tsarin sosai su ne irin waɗannan, masu lokacin zama su yi nazarin farashi, masu sanin birnin da za su.

Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 1999 a kan dala 16, cikin 'yan makonni hannun jarin ya haura 150, kafin ƙarshen 2000 ya faɗo ƙasa da dala 2. A tsakanin nan Walker ya gwada tsarin a kan man fetur da kayan masarufi, abin ya rushe a 2000, kuma dalilin a fili yake: fetur ba ya lalacewa in ya kwana, don haka mai gidan mai ba shi da abin da zai sa ya sallama a ɓoye. Abin da ya ceci kamfanin ma ba tayi ba ne. A 2005 ya sayi Booking.com na ƙasar Holan a kan sama da dala miliyan 130, dandalin da ke nuna sunan otal da farashinsa ƙarara. A 2016 ya daina karɓar tayi a kan tikitin jirgi, motoci da otal suka biyo baya, a 2018 kuma uwar kamfanin ta koma amsa sunan Booking Holdings. Jiragen Amurka da a ƙarshen shekarun 1990 suke tashi da kusan kashi 70 cikin 100 na kujerunsu a cike sun koma tashi da sama da kashi 80, bayan manyan kamfanoni sun haɗe da juna sun rage zirga-zirga. Da rara ta ragu sai ƙofar baya ta ƙuntata. Wannan tarihin ya kamata mai karatu ya riƙe, domin har yanzu ana yaɗa tsofaffin shawarwari na yadda ake tayin tikiti, alhali kasuwar da aka rubuta su dominta ta tashi.

Abu biyu suka saura a kasuwannin waje. Akwai farashin ɓoye, irin na Hotwire, inda ake nuna maka kuɗin amma a rufe sunan otal sai ka biya. Akwai kuma tayin ƙarin matsayi: ka riga ka sayi kujerar talakawa, sai kamfani irin su Lufthansa ko Etihad ya aiko maka da saƙo kwanaki kaɗan kafin tafiya cewa ka taya kujerar manya. Wannan na biyun ba tsimi ba ne, ƙarin kashe kuɗi ne da aka yi wa ado. Mai zuwa Umara ko Urushalima da dattijon da gwiwa ke damunsa yana iya ganin amfaninsa, amma kada ya kira shi ragi.

Tayin da ya kafu a Nijeriya daga wata nahiya ya fito, kuma a kan mota ne. A birnin Yakutsk na Saiberiya a Rasha, cikin wani hunturu mai tsanani a 2012, direbobin tasi suka ninka kuɗi, sai matasan garin suka buɗe zaure a intanet inda fasinja ke faɗin abin da zai biya, mai mota ya amsa. Daga nan Arsen Tomsky ya kafa inDrive a 2013, manhajar ta shigo Legas a 2019, ta kai Abuja. Fasinja ya rubuta inda za shi da tayinsa, direbobin da ke kusa su karɓa ko su ƙara, shi kuma ya zaɓa. Ba a sha wahalar koya wa 'yan Nijeriya wannan ba, don abin da suke yi ke nan a bakin titi tun fil azal. Bambancin kawai, yanzu direbobi biyar ne suke jin tayinka lokaci guda, kuma kowannensu ya san sauran suna ji.

A nan nake da ja da masu yabon tsarin ba ƙaƙƙautawa. A otal, ragin da aka yi maka daga ɗakin da dama zai kwana fanko ya fito, babu wanda ya yi asara. A mota kuwa, kowace tafiya tana cin mai da taya da birki. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Direbobin manhaja sun yi yajin aiki a 2023, ƙungiyarsu ta AUATON kuma ta sha kokawa kan ƙarancin farashi. Direban da ya karɓi tayin da bai biya ba, ba don yana da rara ya karɓa ba, sai don yana da balas da zai kai wa mai mota da yamma. Sakamakon kowa ya san shi: ya kashe na'urar sanyi, ko ya iso ya ce, "Oga, a duba dai, mai ya yi tsada," a sake sabon ciniki a bakin ƙofar mota. Arahar da aka samu a waya ta koma inda ta fito.

To, ina mutumin Kafanchan a duk wannan? Garin nan sufuri ne ya haife shi. Tun 1927 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal, inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Kaduna ɗaya ta haura Jos, kuma ma'aikatan reluwe daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika shi. Yau shekaru ke nan fasinja bai dogara da wannan jirgi ba. Babu filin jirgin sama na fasinja a yankin. Mai son hawa jirgi sai ya nufi filin Yakubu Gowon da ke Heipang ta Filato, ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja ta hanyar Kwoi da Keffi, ko na Kaduna ta Zonkwa da Kachia. Ma'ana, duk tikitin da ya saya rabin tafiyarsa ce kawai.

Wannan ya sa abin da tsarin Priceline ya riƙa karɓa a hannun mai saye, wato zaɓin lokaci, shi ne abin da ɗan Kudancin Kaduna ba zai iya bayarwa ba. Matsalar tsaro ta sa mutane da yawa ba sa son dare ya riske su a waɗannan hanyoyi, motocin tasha ma da rana suke lodi. A ce jirgin yamma daga Legas zuwa Abuja ya fi na safe sauƙi da Naira 20,000. Wanda gidansa ke Kubwa ya ci riba. Wanda za shi Zonkwa ko Manchok kuwa zai sauka da magariba, ko bayan isha in an yi jinkiri, kuma jinkiri ba baƙon abu ba ne a jiragen cikin gida, musamman lokacin hazon hunturu. Daga nan sai kuɗin mota zuwa cikin gari, sai ɗakin kwana, sai abincin dare, sai kuɗin zuwa tasha da asuba. In ba shi da ɗan'uwa a Nyanya ko Mararaba da zai kwana wurinsa, dubu ashirin ɗin nan ta tafi har ta ja wasu. Na sha ganin mutane suna gwada farashin tikiti da tikiti, alhali abin gwadawa shi ne kuɗin da zai fita daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida.

Sai maganar lokaci a shekara, wadda ita ce babba. Kudancin Kaduna yanki ne da 'ya'yansa suka bazu a Abuja da Kaduna da Legas da Fatakwal, kuma kusan a lokaci ɗaya suke komawa gida. Daga tsakiyar Disamba ake fara kwararowa don Kirsimeti, a haɗa da bukukuwan aure da tarukan ƙungiyoyin raya gari, a rufe da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Lokacin Ista ga Tuk-Ham a Kwoi, ga kuma Sallah ƙarama da babba ga Musulmin yankin. A waɗannan ranaku babu ɗakin da zai kwana fanko a Kafanchan, babu kujerar da za ta tafi babu kowa. Mai sayarwa ba shi da rauni, don haka tayi ba shi da ƙarfi. Wanda ya tsaya yana cewa a rage masa ranar 23 ga Disamba, "albarka" kawai zai ji, na bayansa ya miƙa kuɗi ya shige. Tayi ma a irin wannan rana juyawa yake yi, ya zama fasinjoji ne ke ƙara wa juna farashi. Shi ya sa a Disambar 2023 Gwamnatin Tarayya da kanta ta shigo da ragin rabin kuɗi a manyan motocin safa na wasu hanyoyi, da hawa jirgin ƙasa kyauta.

Amma akwai wata rara da ba a cika lura da ita ba. Motar da ta zo daga Abuja maƙare da mutane ranar 22 ga Disamba dole ta koma ɗauko wasu, kuma kusan fanko take komawa. Mai tafiya saɓanin jama'a, wato mai barin Kafanchan lokacin da kowa ke shigowa, ko mai shigowa a makon farko na Janairu lokacin da kowa ke fita, shi ne yake riƙe da wuyan ciniki, musamman in shata zai ɗauka. Direba ya san man komawa a kansa yake ko da fasinja ko babu. Ɗan kasuwar da zai iya matsar da tafiyarsa da kwana biyu ko uku ya samu irin ragin da Walker ya gina kamfani a kansa, ba tare da manhaja ba.

Otal kuma, a sauran watanni, akwai rara sosai. Daga Fabrairu zuwa Nuwamba, in ba lokacin Ista ko Sallah, ko ana wani taro ko bikin yaye ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ba, ɗakuna suna nan. Dandamali irin su Hotels.ng, wanda Mark Essien ya kafa a 2013, da Wakanow da ya fara tun 2008, suna da amfani wajen sanin abin da ke akwai da kimanin farashi. Sai dai ƙananan masaukai da yawa, har da na coci-coci, ba sa kai, waɗanda ke kai kuma ba lallai ne farashinsu ya zama na yau ba. Kuma duk ɗakin da aka kama ta dandali, otal yana biyan la'ada, a Booking.com kusan kashi 15 cikin 100. Wannan la'adar ita ce filin cinikinka. Ka duba farashi a waya, ka kira manaja, ka ce kwana uku za ka yi kuma kai tsaye za ka biya. Shi ma ya fi son haka. Kafin kuɗi dai, tambayi abin da hoto ba ya nunawa: ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, akwai ruwa a famfo ko sai bokiti, akwai wurin ajiye mota a ciki. A garin da wuta ba ta da tabbas, sayen ɗaki a rufe, ba suna ba bayani, ganganci ne. A Amurka otal mai tauraro uku yana nufin wani abu sananne. A nan kowa shi yake manna wa kansa taurari.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan. Sun halatta gwanjo, sun hana mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba don kawai ya ruɗi wani, sun kuma yi gargaɗi kan cinikin abin da ba a san siffarsa ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bi kusan wannan layi a 2019, lokacin da ta sa manyan dandamali, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka yi alƙawarin daina matsa wa mai saye da saƙonnin yaudara, irin su nuna masa otal ɗin da ya riga ya cika don ya yi gaggawa. Jan rubutun nan mai cewa saura ɗaki ɗaya, a karanta shi da wannan a zuciya.

Ga mai fita waje, abin da ya fi motsa farashi a 'yan shekarun nan ba dabarar mai saye ba ce. A 2022 bankuna suka rage abin da katin Naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, ta yadda a lokacin ko mutum ya ga araha a dandalin waje ba shi da abin biya. Kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Nijeriya ya haura dala miliyan 800 a 2023, suka janye tikitocinsu masu sauƙi daga kasuwarmu, Emirates ma ya dakatar da zuwa tun ƙarshen 2022 bai dawo ba sai Oktoban 2024. Da Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas a 30 ga Maris 2024, sai ga kamfanonin waje suna sauke farashi cikin 'yan kwanaki. Kishiya guda ta yi abin da tayin fasinjoji dubu ba zai yi ba.

Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, da ya fara aiki a 2016, ya koyar da darasin ta wata fuskar. Kafin a kawo tikitin intanet a Janairun 2021, 'yan cuwa-cuwa sukan kwashe tikiti su sayar a bayan fage, kowa da farashin da aka ga fuskarsa za ta iya. Can ma ciniki ne, amma fasinja ne mai rauni a ciki. Tsayayyen farashi da sunan mutum a jikin tikiti ne suka rage ɓarnar. Inda kujera ta yi kaɗan, talaka ya fi tsira da farashin da aka rubuta.

Saura 'yan damfara, waɗanda kalmar araha ce jarinsu. Kowace Disamba da kowane lokacin Umara sukan buɗe shafuka a Facebook da WhatsApp da hotunan otal na gaske, su karɓi kafin alƙalami su ɓace. In tikitin jirgi ne, a nemi lambar ajiye kujera mai haruffa da alƙaluma 6, a shiga dandalin kamfanin jirgin da kai a duba, kuma a tabbatar an fitar da lambar tikiti, don ana iya riƙe kujera na ɗan lokaci ba a biya ba, a nuna maka takarda, washegari ta soke kanta. Wakilin tafiye-tafiye ya zama mai ofis da rajista da ƙungiyarsu ta NANTA. In kamfanin jirgi ne ya soke tafiya, ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta ce a mayar da kuɗin da aka biya ta banki cikin kwana 14, kuma tana da sashen karɓar ƙorafi. In otal ne a Kafanchan ko Kagoro don Kirsimeti, a kama tun Oktoba, a tura wani na gida ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin, a biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan otal ɗin ba na wani ma'aikaci ba, a karɓi rasit mai lambar ɗaki da ranakun shiga da fita.